Tambaya da Amsa: Roba biyu, kabon kaɗan, wuta na bi

Tambaya: Assalamu alaikum. Na zuba baƙin garin kabon kashi 4 cikin 100 a narkakkiyar robar foliyetilin, amma mita ta nuna lantarki ba ya bi. Abokin aikina ya gauraya foliyetilin da wata robar da ake kira folistirin, ya sa kabon daidai da nawa, tasa kuma wuta na bi. Ina matsalar take?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Roba ba ta ɗaukar lantarki, kabon ne ke ɗauka. Sai ƙwayoyinsa sun taɓa juna, ko sun kusa taɓawa, sun yi sarƙa daga wannan gefe zuwa wancan kafin wuta ta samu hanya. A taka robar ƙwayoyin sun warwatsu, kowace a lulluɓe da roba, sarƙar ba ta haɗu ba.

Foliyetilin da folistirin ba sa narkewa cikin juna, kamar mai da ruwa suke. Idan aka gauraya su kusan rabi da rabi, kowace takan yi nata hanyoyi masu ratsa kayan gaba ɗaya. Kabon kuwa ya fi son foliyetilin, sai ya taru a can, ya cunkushe a rabin wuri. Shi ya sa kaɗan ya isa. In ma ya tsaya a iyakar da robobin biyu suka haɗu, ƙasa da kashi 1 cikin 100 kan wadatar.

Ga yadda ake nemansa a iyakar: fara cuɗa kabon da folistirin, wadda ba ya so, sannan ka zuba foliyetilin. Zai riƙa ƙaura zuwa gare ta, sai ka tsayar da injin cuɗawar kafin kabon ya tsallaka iyakar. Nan ne aikin yake da wuya, domin in ka daɗe kana cuɗawa zai shige ciki, curinsa kuma su farfashe. Riƙa ɗibar samfur kana aunawa.

Kula da rabon robobin sosai. In foliyetilin ta yi kaɗan, takan koma ɗigo-ɗigo a cikin folistirin, kabon ya kulle a cikinsu, wutar ta yanke. Wajen awo kuma, goge saman kayan ka shafa fentin azurfa inda wayoyin mita za su taɓa, don fatar roba ta sama kan ɓoye hanyar da ke ciki.