Amsa kan yi wa tanar roba ta kamun kifi kaushi

Muryar da Yayanmu na Idi-Araba ya turo daren jiya ce na rubuta, saboda waɗanda suka ce ba ta buɗe musu ba.

Assalamu alaikum 'yan'uwa, barkanmu da dare. A yi haƙuri da ƙarar janareta, na maƙwabta ne, bari in matsa ciki. Yauwa.

To ƙanina na Agege, na ga hotunan da ka turo, tambayarka ma na ji ta. Ka ce tanar robar da ka zuba ta fito sumul kamar taliya, kifi sai ya buge ta ya saki, shi ne kake so ka ɗauki ƙarfen nan mai zafi na masu gyaran rediyo ka tsattsaga mata jiki don ta yi kaushi. Da farko dai sannu da ƙoƙari, wallahi zubin ya yi kyau, babu kumfa a ciki, launin ma ya zauna. Amma don Allah ajiye ƙarfen nan tukuna. Ni ma da shi na fara. Na zauna na yi wa guda goma sha biyu zane da hannuna, na kwashe su zuwa Tarkwa Bay da murna, kafin azahar ko ɗaya ba ta rage ba. Duk inda ƙarfen ya taɓa, daga nan take yagewa, don wurin ya ƙone kuma ya sirance. Ga hayaƙin da ka shaƙa kana sunkuye a kai.

Ba a kan robar da ta riga ta daskare ake yin kaushi ba. A jikin uwar ake yin sa, wato samfurin da ka sassaƙa tun farko kafin ka haɗa mazubi, abin da masu bulo suke cewa mol. Duk abin da uwar take ɗauke da shi, shi 'ya'yan za su ɗauko. Je ka wajen masu zubin tukunyar alminiyam ka tsaya ka kalla, in akwai rubutu a gindin tukunyar da suka danna cikin ƙasa, duk tukunyar da ta fito da rubutun za ta fito. Haka abin yake tun asali. Baturen da ya fara fitar da tanar roba mai laushi, Nick Creme, a garin Akron na jihar Ohio a Amurka, shekarar 1949, da tana ta gaske ya haɗa mazubinsa, shi ya sa tasa ta fito da gaɓoɓin nan na jikin tana.

Amma kafin in gaya maka yadda ake yi, ka fara sanin don wa kake yi. Ba don idonka ba ne. Leƙa ruwan lagun ɗin nan daga ƙarƙashin gadar Third Mainland da damina, in ka tsoma hannu zuwa gwiwar hannu ba ka ganin yatsunka. Kifin da ke cikin wannan ruwan kafin ya ga abu ya riga ya ji shi. In kun kama kifi ku duba gefensa, akwai wani siririn layi da ya taso daga bayan kai har wutsiya, da shi yake jin motsin ruwa. Roba mai santsi tana ratsa ruwa shiru, kamar ɓarawo. Mai zobe-zobe kuwa kowane zobe turo ruwa yake yi, yana barin ɗan girgiza a baya. Sannan in ka jefa ta, iska tana maƙalewa tsakanin zobban, tana nutsewa tana sakin 'yan ƙananan kumfa. Ka gwada a bokiti da rana, za ka ga kumfar a jere a jikinta kamar duwatsun wuya. Na uku, kuma shi ne maganin matsalarka, bakin kifi. Abu mai gaɓa-gaɓa in ya cije shi lotsawa yake kamar abu mai rai, sai ya ɗan ƙara riƙewa. Ba wani dogon lokaci ba ne, amma ya isa ka ji a hannunka ka fizga ƙugiya ta shiga.

To yanzu aikin kansa. Hanya mafi sauƙi, samo wayar wuta tsohuwa ka fere ta, ka zaro jan ƙarfen ciki. Ka nannaɗe shi a jikin uwar, ko ta itace ce ko ta kakin kyandir, kana barin tazarar kamar milimita 2 zuwa 3 tsakanin zagaye da zagaye. Ka ɗiga gam mai saurin kamawa a farko da ƙarshe don kada ya zame. Zaren masu gyaran takalmi ma yana yi, shi zobbansa sun fi laushi. In kuma tana zalla kake so, ba kifin roba ba, je ka wajen bakanike ka nemi doguwar kusa mai zare, irin wadda ake ɗaura wa noti, ka kwantar da rabinta cikin kwaɓaɓɓen fi-o-fi, farin garin nan da ake silin da shi. Shi ke nan ka samu mazubi mai zobba daidai wa daida, ba ka sassaƙa komai ba.

Ga inda mutane suke kuskure, kuma a nan nake so ka saurara da kyau. Ba ko'ina ake sa kaushi ba. Kan robar, kamar santimita ɗaya da rabi na farko, bar shi sumul kuma da kauri, don nan ne ƙugiya mai kan dalma take zama. In ka yi zobba a wurin, jifa biyar ta sauko ta tattare a lanƙwasar ƙugiya. Wutsiya ma bar ta da santsinta, siririya, ita aikinta rawa. Tsakiyar jiki, nan ne gonar kaushi. Sannan kada zurfin zobban ya cinye ƙashin bayan. Ni ƙa'idata, in kaurin jikin duka kashi uku ne, kashi biyu na bar wa tsakiya, kashi ɗaya na zobba. Mu nan ba da karfasa kawai muke yi ba. Barakuda, wadda Yarabawa ke cewa kuta, haƙoranta reza ne, ko mai kaurin ma sai ta datse, balle wadda ka riga ka yanka mata rabi. In wajen duwatsun bakin mashigar jiragen ruwa za ka, ka sa 'yar waya tsakanin zare da ƙugiya, wannan ba sai na faɗa ba.

Maganar ɓawon kifi kuma, wato zanen nan na jikin kifi, buhun albasa na raga da ake zubarwa a Mile 12 ya ishe ka. In ƙananan ɓawo kake so, gidan sauro. Ka shafa wa uwar yumɓu ko kaki mai laushi sama-sama, ka lulluɓa ragar a karkace, ka danna da babban yatsa a hankali, ka ɗage. Za ka ga zanen ya kwanta. Amma kada ka ce za ka ɗora ragar buhun a kan roba mai zafi, narkewa za ta yi ta manne. In dai a kan mai zafin kake so, a gefen nan da ke kallon sama a buɗaɗɗen mazubi, sai ragar ƙarfe irin ta rariya, ka ɗan shafa mata mai, ka jira robar ta fara kamewa sannan ka danna. Gaskiya kuwa, a ganina ɓawon nan ya fi amfani da rani, lokacin da ruwan gishiri ya shigo lagun ya yi haske kifi yana gani. Da damina zobe ya fi shi aiki nesa ba kusa ba.

Bari in katse, muryar ta yi tsawo, zan ci gaba a ta biyu.

Yauwa, na dawo. Mazubin naka na ga na fi-o-fi ne, irin wanda ake silin da shi, kuma ba laifi, da shi yawancinmu muka fara don yana ko'ina a Legas. Abu biyu. Na ɗaya, ya bushe ƙarau. Iskar garin nan jiƙaƙƙiya ce, abin da zai bushe kwana biyu a Kano, nan sai ya yi mako yana riƙe da ruwa a ciki. Ɗora shi a kumatunka, in ka ji sanyi bai bushe ba. Na biyu, shafen da ake masa na farin gam na kafintoci don robar ta fito da sheƙi. A nan ne kaushin mutane da yawa yake mutuwa. Mutum ya sha wahala ya fitar da zane mai kyau, sai ya lafta gam mai kauri ya cike ramukan, ya zuba roba ta fito sumul, ya rasa dalili. Ka tsinka gam ɗin da ruwa har ya koma kamar madarar shayi, ka shafa siriri da ɗan burushi, ka busa ramukan da baki kada ya taru, ya bushe, ka sake. Sau uku ko huɗu. In kana da hali ka samu silikon na zubi mai haɗi biyu, to shi ko zanen yatsanka ne a jikin uwar sai ya kwafe shi, ba ya kuma buƙatar shafe.

Gishiri. Wani ɗan'uwa ya tambaya kwanaki ban samu na amsa ba, bari in haɗa. Gishiri shi ma kaushi ne, amma na ciki. Yana sa robar ta yi nauyi ta nutse da kanta, yana ba ta ɗan gurzi a baki da ɗanɗano. Senko ɗin nan, samfurin tanar roba na Gary Yamamoto da ya yi suna a duniya, gishiri ne danƙare a cikinsa, kuma duk wanda ya yi aiki da shi ya san saurin yagewa gare shi. To ka ga ribar, ka ga kuɗinta. Saboda haka kada ka haɗa zobba masu zurfi da gishiri mai yawa a roba ɗaya, zaɓi guda. Ni cokalin cin abinci ɗaya nake sa wa kofi ɗaya na ruwan robar, in jikin mai zobba ne. Ka niƙe shi ya yi laushi kamar gari, sannan ka soya shi a busasshen kasko ya yi zafi kafin ka zuba, don gishirin Legas kullum a jiƙe yake ko da ka ga kamar a bushe. Kuma ka juya daf da zubi, don kwanciya yake yi a gindin kofi, in ka yi sake ta farko ba gishiri, ta ƙarshe duk gishiri.

Wannan maganar ruwa ba da wasa nake yin ta ba. Filastisol ɗin nan, wato ruwan robar da ake dafawa a zuba, yana farawa fari kamar nono, sai ya yi kauri, sai ya washe ya koma kamar zuma, a wajen digiri 175 zuwa 180 na Salshiyas ke nan. Ya kusa ninka zafin tafasasshen ruwa. Ɗigo ɗaya na ruwa in ya faɗa ciki, tartsatsi yake yi, kuma in ya sauka a fata mannewa yake, ba ya gangarewa. Ina da tabo a wuyan hannuna na hagu, girman kwabo. Gumi ne ya ɗigo daga goshina cikin kofi wata rana da zafi. Tun daga ranar nake ɗaura ƙyalle a goshi, in sa safar hannu ta fata, da tabarau, da riga mai dogon hannu komai zafin gari. A tsakar gida ake yi, inda iska ke wucewa, ba a ɗaki ba, yara kuma su yi nisa. Kofi da cokali da tukunyar da ka yi aikin da su sun bar kicin har abada. In ka ga ya fara komawa ruwan ɗorawa yana hayaƙi, ya ƙone, sauke shi ka matsa, hayaƙin nan cuta ne ga ƙirji.

Saura sa wa robar gashi irin na jatan lande. Bayan robar ta huce ta kwana, ka ɗauki babbar allura irin ta ɗinkin buhu, ka zura siraran zaren silikon, ka ratsa ta gefe zuwa gefe, wuri uku, ka bar kamar rabin yatsa kowane ɓangare. Ko ka tsayar da ita cak, gashin yana motsi da kansa. Kada ka sa robar ɗaure kuɗi, man da ke jikin filastisol yana lalata ta, sati guda ta yi danƙo. Sannan tsakanin zobban nan wuri ne na ajiye ƙamshi. Ni busasshen jatan lande nake dakawa in kwaɓa da ɗan man kifi, in shafa da yatsa ya shige ramukan. A kan mai santsi jifa ɗaya ya wanke, a kan mai zobba yana daɗewa.

Abu ɗaya da za ka lura, mai zobba tana jan ruwa. Ba ta zuwa nesa kamar mai santsi, nutsewarta ma a hankali. Wurin da ruwa yake kwance, kamar wajen Epe ko Ikorodu, wannan alheri ne, tana daɗewa a gaban kifi. Amma a Five Cowrie Creek lokacin da ruwa ke janyewa da ƙarfi, za ka ga tana tasowa sama ta bar inda kifin yake, sai ka ƙara nauyin dalma. Kada ka yar da masu santsin da ka riga ka zuba, a irin wannan wurin za su yi maka rana. Waɗanda suka yage kuma a zuba su a leda a dawo da su gida, ana yanka su a sake narkarwa, kada a bar su a ruwa kifi ya haɗiye. Sai dai irin mai miƙewar nan sosai ta kamfanin Z-Man, ita ba filastisol ba ce, kada ka narka su tare, ko a akwati ɗaya ka ajiye su cinye juna suke yi.

To ƙanina, ka haɗa uwa biyu girma ɗaya, ɗaya da wayar jan ƙarfe, ɗaya da zaren takalmi, launi ɗaya ka zuba musu don mu san kaushin ne ya yi aiki ba launi ba. Kafin ka zuba fi-o-fi ka turo min hotonsu daga gefe, in ga zurfin zobban da inda ka tsaya wajen kai. Ranar Asabar in Allah ya kai mu ina wajen Obalende bayan sallar asuba, zan zo maka da ragowar zaren silikon da nake da shi. A gaida mutan gida. Sai da safe.