Me ya sa wutar bindiga ba ta fitowa a kyamara?

Tambaya: Malam, muna ɗaukar fim, jaruminmu ya yi harbi, kowa ya ga wuta a bakin bindiga, amma da muka zauna editin babu ita a rabin harbin. Wani ya ce mu ƙara albarushi, mu kuma matso da kyamara, tunda harsashin marar kai ne, albarushi ne kawai a cikin kwanson. Hankalina bai kwanta ba.

Amsa: Gara da bai kwanta ba, ɗan'uwa. Kyamararka lafiyarta ƙalau. Wutar ba ta kai ƙiftawar ido ba, kai kuma kana ɗauka a firem (hoto) 24 a kowace daƙiƙa da shata (murfin da ke buɗe wa haske) digiri 180, wato rabin lokaci kyamarar a rufe take. Harbin da ya faɗo a wannan rabin ya tafi ke nan. Buɗe shata zuwa 360, ka rage hasken wurin. Idan kuma wutar ta fito a yanke, rabi akwai rabi babu, kyamararka layi-layi take karanta hoto daga sama zuwa ƙasa. Sai ka nemi kyamara mai ɗaukarsa gaba ɗaya a lokaci guda.

To, mu koma kan mai ba ku shawara. Wannan magana ta "ai ba shi da kai, ba ya kisa" na gaji da jin ta. Wa ya gaya musu? Iska mai zafi da ɓurɓushin albarushi da abin da aka toshe bakin kwanson da shi duk fitowa suke da ƙarfi. A 1984 ɗan wasan Amurka Jon-Erik Hexum ya ɗora irin wannan bindiga a gefen kansa da wasa, ya ja kunama, ƙarfin ya fasa masa ƙashin kai, ya mutu. A 1993 kan harsashi ya maƙale a bututun bindiga ba a duba ba, marar kan ya tunkuɗo shi ya kashe ɗan wasa Brandon Lee. A 2021 kuwa mai ɗaukar hoto ce, Halyna Hutchins, harsashin gaske ya same ta a wurin ɗaukar fim. Mai kyamara kamarka fa! Sannan wani da ko takardar riƙe makami ba shi da ita zai ce ku ƙara albarushi? Ku ji tsoron Allah, rayukan mutane amana ce a hannunku.

Ku yi da bindigar roba. Jarumi ya girgiza hannu, mai fitila ya walƙa masa haske a fuska daidai lokacin, edita ya ɗora wutar a firem ɗaya ko biyu, ya bi ta da hayaƙi da ƙara.