Filin Tambayi Anti: Bayan Disneyland, Landan za mu wuce ko Burusel?

Assalamu alaikum Anti, da fatan kina lafiya ya aiki ya jama'a. Ni matar aure ce a nan Garwa, yaranmu uku, babban shekararsa 13, mai bi masa 8, auta kuma 4. Maigida ɗan kasuwa ne, ya daɗe yana yi wa yaran alƙawarin in sun ci jarrabawa zai kai su Disneyland na Faris, toh bana Allah ya hore, muna so mu tafi a babban hutu cikin Yuli, kwana goma gaba ɗaya. Matsalar ita ce mun ce tunda an kashe kuɗin jirgi har can gara mu ƙara da wani gari guda, shi ya kafe sai Landan saboda shi da babban yaron 'yan Arsenal ne, ni kuma hankalina ya fi kwanciya da Burusel don akwai 'yar ƙanwar mamana da ke aure a can. Kullum da dare sai mun yi wannan musun har yaran sun fara ɗaukar ɓangare. Dan Allah Anti ki raba mana gardama, wanne ya fi dacewa da mai yara?

Maman yara uku, Garwa

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya raya zuri'a ya sa albarka, ya kuma saka wa Alhaji da alheri da bai manta alƙawarin yara ba. Ba zan ja ki da nisa ba, ni Burusel na zaɓa muku, kuma ba don ke mace ce 'yar'uwata nake goya miki baya ba, ki ba Alhaji wannan shafin ya karanta da kansa.

Abu na farko da ya kamata ku zauna ku kalla shi ne biza, don nan ne mutanenmu suke yawan faɗawa rami. Faransa da Beljiyam duk suna cikin yankin Shengen, biza ɗaya ce ta ishe ku, kina shiga jirgin ƙasa a Faransa ki sauka a Beljiyam kamar mai tashi daga Garwa zuwa Marwa. Ingila ba ta ciki. Mai fasfon Kamaru sai ya nemi bizar Ingila daban, takardu daban, layi daban, kuɗi daban, kuma su ba ruwansu da ƙanƙantar yaro, autar taki mai shekara 4 sai an biya mata cikakken kuɗi sama da fam 100 kamar babanta. Ita kuwa ta Shengen tun Yunin 2024 babba yuro 90 ne, wato wajen jaka 59 na sefa, yaro daga shekara 6 zuwa ƙasa da 12 yuro 45, wanda bai kai 6 ba kyauta. In kika lissafa gidanku, ku biyu da babban yaron da mai shekara 8, yuro 315 kenan, kusan jaka 207, banda kuɗin ofishin da ke karɓar takardu da inshorar lafiya ta tafiya wadda dole sai ta kai yuro 30,000 na kariya. Toh ki ɗora na Ingila na mutum biyar a kai, kuma kinsan kuɗin biza in an hana ka ba a maido maka ko dala.

Akwai kuma wani tarko da ba kowa ya san shi ba. A ce kun samu bizojin duka biyu, tikitinku na dawowa gida daga Faris ne, kun tsallaka Landan kun yi kwana uku kun juyo, in bizar Shengen ɗinku ta shiga sau ɗaya ce toh ta riga ta mutu tun ranar da kuka fita, ba za a bar ku ku sake shiga Faransa ba. Wanda bai taɓa zuwa Turai ba kuwa sau da yawa ta shiga ɗaya ake ba shi. Ki yi tunanin kanki a tashar jirgi a Landan da yara uku da akwatuna ana ce muku ba inda za ku, wallahi ko maƙiyi ba na yi wa fatan wannan.

Sai maganar gajiya, wadda iyaye ba sa sawa a lissafi sai sun gani da idonsu. Tafiyarku ba a Faris ta fara ba Hajiya, daga Garwa ta fara. Ko ku hau jirgin sama zuwa Yawunde ko Duwala, ko ku bi mota zuwa Ngaundere ku kwana a jirgin ƙasa, sannan awa shida da wani abu a sama kafin ku sauka Faris. Shi kuma Disneyland ɗin ba a cikin gari yake ba, yana Marne-la-Vallée, wajen kilomita 32 gabas da Faris, an buɗe shi a 1992, kuma wuraren wasa biyu ne a jere, na biyun an ƙara shi a 2002. Wuri ne na tafiyar ƙafa da tsayuwa a layi tun safe har dare, a watan Yuli lokacin da Turawan ma suke hutu layin wasa ɗaya sai ya ci awa guda, rana kuma ba ta faɗuwa sai wajen goma saura na dare, wasan wutan da yara suka fi ɗoki sai duhu ya yi sosai ake yinsa lokacin rufewa. Kwana uku a haka, autarki za ta koma sai goyo, ke kanki ƙafafunki za su kumbura. Iyalin da suka fito daga wannan, abin da suke buƙata gari ne ƙarami mai sauƙin zagayawa wanda akwai gidan ɗan'uwa da za a miƙe ƙafa a ci tuwo. Landan ba haka take ba, ƙaton gari ne, komai nesa da komai, hawa da saukar matakalar jirgin ƙarƙashin ƙasa da keken yarinya kaɗai ya isa ya sa ki kuka, ga otal da tsada, ga shi sai kun sake canjin kuɗi zuwa fam, ga Turancin Ingilishi wanda ban sani ba ko yaranki suna ji. A Burusel Faransancin da suke yi a lekol shi za su yi da mai shago da direban bas, kuɗin ma yuro ne dai.

Hanyar ma ta fi sauƙi. A bakin ƙofar Disneyland akwai tashar jirgin ƙasa mai gudu, Marne-la-Vallée Chessy, kuma akwai jiragen da ke tashi daga nan kai tsaye zuwa tashar Bruxelles-Midi, ba ya kai awa biyu. Daga tsakiyar Faris kuwa, tashar Gare du Nord, awa ɗaya da minti ashirin da 'yan kai ne. Na Landan da akwai jirgin ƙasa na Eurostar mai tashi daga Disney kai tsaye amma an daina tun 2023, yanzu sai kun canja jirgi a Lille ko ku shiga Faris, ku iso da wuri a duba fasfo da kaya kamar a filin jirgin sama, sannan tafiyar sama da awa biyu. In kuma yaran suna zumuɗin bin ƙarƙashin teku ne suna zaton za su ga kifaye ta taga, ki faɗa musu rami ne mai tsawon kilomita 50, duhu kawai za su gani na minti ashirin.

Yanzu bari in yi wa Alhaji adalci, Landan gari ne da ya cancanci a gani. Manyan gidajen tarihinsu irin British Museum da na halittu shiga kyauta ne, abincin halal ko'ina akwai, ga babban masallacin Whitechapel, ga 'yan Najeriya birjik a Peckham. Amma Alhaji, da girmamawa, gasar Firimiya sai cikin Agusta take farawa, a Yuli ba wasan lig ko ɗaya, in kun je filin Emirates kujeru kawai za ku zagaya ku ɗauki hoto ku sayi riga. Ashe ba gara ka ajiye wannan tafiyar ku yi ta kai da babban yaron ku biyu lokacin da ake buga ƙwallo ba? Kuma fasfon da aka ga an buga masa Shengen an je an dawo kan lokaci ya fi kwarjini in an zo neman wata bizar. Taura biyu ba ta taunuwa lokaci guda. In ƙaiƙayin ƙwallon ya matsa, a Faris ana zagayawa da baƙi filin Parc des Princes na PSG, ku ware rabin yini ku je.

Kar kuma ki ɗauka Burusel gidan 'yar'uwa ne kawai ba abin gani. Akwai Atomium, wasu manyan ƙwallayen ƙarfe guda tara da aka haɗa da bututu, tsayinsa mita 102, an gina shi don bajekolin duniya na 1958, ana shiga ciki a hau har ƙwallon sama a hango gari. Dab da shi akwai Mini-Europe inda aka ƙera shahararrun gine-ginen Turai ƙanana, har da hasumiyar agogon Landan ɗin, kinga Alhaji ya samu abin ɗaukar hoto. Mai shekara 8 ɗin nan kuwa ki kai shi gidan tarihin halittu ya ga ƙasusuwan dabbobin zamanin da, irin waɗanda ake kira Iguwanodon, da masu haƙar kwal suka tono a Bernissart a 1878, an tsayar da su a jere cikin gilashi sun fi ɗaki tsawo, yaro ba ya manta irin wannan. Dandalin Grand-Place da yamma ku zauna ku ci gofar, wato wainar fulawarsu, da cakulan, sai dai ki riƙa tambaya don wasu cakulan ɗin nasu akwai giya a ciki, soyayyen dankalinsu ma a al'ada da kitsen shanu ake soya shi, ki tambayi mai shagon kafin ki saya. Unguwar Matonge ta 'yan Afirka ce, 'yan Kwango da 'yan Kamaru, za ki samu ndole da soyayyar ayaba, titin Brabant kusa da tashar Arewa kuma shagunan Larabawa da Turkawa ne, nama halal, abaya, turare, tsarabar mutanen gida duk a nan za ki gama ta. Ki dai riƙe jakarki gam a tashar Midi da ta Arewa, 'yan sane suna nan.

Wuri ɗaya nake roƙonki kar ki tsallake saboda babban yaron, gidan tarihin Afirka da ke Tervuren, taragon lamba 44 ke kaiwa. A nan ne a 1897 Sarki Leopold na biyu na Beljiyam ya sa aka kawo 'yan Kwango 267 aka ajiye su a bukkoki Turawa suna zuwa kallonsu, bakwai daga cikinsu suka mutu a can, kaburburansu suna nan a garin. An gyara gidan an sake buɗe shi a 2018. Yaro ɗan shekara 13 da ya kwana uku yana kallon gidan sarautar almara na Disney, yana da kyau ya ga wannan ma, ya tambayi babansa, babansa ya ba shi amsa. Ni a wurina wannan yinin kaɗai ya biya kuɗin jirgin ƙasan.

Ga yadda zan raba kwana goman da ni ce. Ranar isowa hutu kawai, daga filin jirgin Charles de Gaulle jirgi mai gudu minti goma ne zuwa tashar Disney. Ku kama masauki mai kicin a Val d'Europe, tasha ɗaya ce kafin Disney a layin jirgin ƙasa na RER A, akwai babban kanti a wurin, ki riƙa dafa musu shinkafa da dare don abincin cikin wurin wasan tsada gare shi kuma ba ko'ina za ki samu halal ba. Kwana uku Disney, kwana biyu Faris ku ga hasumiyar Eiffel da babban masallacin da aka buɗe a 1926, sai Burusel kwana uku, in rana ta yi kyau ku ɗauki yini ɗaya ku je bakin teku a Ostende, awa ɗaya da kwata ne a jirgi kuma yara 'yan ƙasa da 12 ba sa biya in suna tare da babba. Daga Bruxelles-Midi akwai jirgin da ke kaiwa filin Charles de Gaulle kai tsaye ranar komawa. Tunda kwanakinku a Faransa sun fi yawa, wajen Faransa za ku nemi bizar, kuma ana karɓar takardu tun wata shida kafin tafiya, kar ku bari sai Yuni lokacin da ɗalibai suke cika layi.

Kafin ku tashi ki auna tsayin yaran da abin awon tela, don wasu wasannin da tsawo ake shiga ba da shekaru ba, Big Thunder Mountain mita 1.02, Hyperspace Mountain 1.20, na Indiana Jones 1.40, gara ki shirya wa auta zuciya tun a gida da ta tsaya tana ihu a bakin ƙofa yayyenta sun shige. Ki sauke manhajar lokutan sallah don magariba wajen goma take, isha kusan tsakar dare, asuba kuma tun kafin huɗu, ku tambayi malaminku hukuncin kasaru da haɗa salloli kafin tafiya. Rigar ruwa da ta sanyi ki sa wa kowa a jaka, Burusel ko a Yuli ana ruwa.

Sannan Hajiya na san halinmu, 'yar'uwar nan taki za ta ce a taho mata da kilishi da dambun nama da man shanu. Dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigo da nama da kayan madara daga waje, in aka buɗe akwatin kwacewa za a yi, wani lokacin har da tara. Ki kai mata yaji da kuka da kuɓewa busasshiya da turaren wuta da atamfa, ki kuma kira ta tun yanzu ki ji ko gidan nata zai ɗauki mutum biyar, don gidajen can ƙanana ne, in ba zai ɗauka ba ku kama otal kusa da ita tun kuɗin bai hau ba. Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya, a gaida Alhaji da yaran.