Malam, dole sai na riƙe dorina kafin yara su yi hadda?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ni malama ce a wata Islamiyya ina ɗaukar 'yan aji uku hadda, to ni gaskiya bana duka, ina jan yaran a jiki in tambaye su ya gida ya mamansu, shine hedimasta ya kira ni ofis yace wai sakin fuskar nan ke jawo raini, in ban riƙe dorina ba karatu ba zai zauna ba. Dan Allah barin duka sakaci ne da amana?

AMSA: Wa alaikumus salam. Malama ki kwantar da hankalinki, babu laifi a kanki, abin da kike yi shine asali a shari'a, duka ne ma yake buƙatar a kawo masa hujja.

Ki duba ƙissar Mu'awiya bin Hakam a Sahihu Muslim, sabon shiga Musulunci ne, wani yayi atishawa ana cikin sallah sai yace masa yarhamukallah, mutane suka zuba masa ido, shi kuma ya ƙara yin magana, sai suka shiga bubbuga cinyoyinsu. Da aka sallame Annabi (SAW) ya kira shi ya fahimtar da shi cewa sallah ba a zance a cikinta, Mu'awiya yace bai taɓa ganin malamin da ya fi shi iya koyarwa ba, bai ɗaure masa fuska ba, bai doke shi ba, bai zage shi ba. To wurin da nake so ki lura, nan take sai ya shiga jero tambayoyi, a kan bokaye, a kan camfi. Da an tsorata shi zai buɗe baki? Yaron da yake rawar jiki in ya ganki ba zai taɓa ce miki "Malama ban gane ba" ba, sai dai ya gyaɗa kai ya tafi gida da kuskuren, kuma wallahi abin nan yana damuna, mun ga yara masu ƙwaƙwalwa da suka tsani allo saboda bulala.

Ibn Khaldun, malamin tarihi da ya rasu a 808 bayan hijira ya faɗa tuntuni cewa tsanantawa tana cutar da ɗalibi, tana kashe masa himma ta koya masa ƙarya da yaudara saboda tsoron hukunci. Anas kuma shekara 10 yana yi wa Annabi (SAW) hidima tun yana yaro, ko "uf" Annabi bai taɓa ce masa ba.

Eh malamai sun halatta ladabtarwa, amma da ƙaidi. Sai bayan nasiha ta gaza, ba a fuska ba, ba cikin fushi ba, kuma ba mai barin tabo ba. Ibn Sahnun, malaminmu na Malikiyya, yace a kan karatun Alƙur'ani kar malami ya wuce bulala 3. Wanda ya fasa jikin ɗan mutane don ya huce haushi zalunci yayi kuma zai amsa.

Sai dai hedimastan yana da gaskiya ta gefe ɗaya, tausayi ba sakaci bane. Wanda bai kawo hadda ba kar ki ƙyale shi, ki zaunar da shi bayan an tashi ya biya miki, ki bincika ko yunwa ce ko talla ke cinye masa lokaci, ki nemi mamansa. Kuma kar ki fifita ɗan mai kuɗi ko mai kawo miki alheri. Sannan ki koma wurin hedimasta cikin ladabi, ki roƙe shi ya shigo ajin da kansa ya saurari haddar yaran.

Wallahu a'alam.