Amsar Anti kan saƙon ruwan sanyi da lemun tsami

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Auta, na ga saƙonki tun da rana, aiki ne ya riƙe ni, kuma da na karanta sai na ga abin ya fi ƙarfin rubutu, gara in yi magana da baki. Ga waɗanda ba su bi hirar daga farko ba, Auta ce ta turo wani dogon saƙo da aka tura mata. Wai wani babban likita ya ce in mutum ya sha ruwan sanyi bayan ya ci abinci, maiƙon da ya ci zai daskare a cikinsa, ya manne a hanji, a kwana a tashi ya zama ciwon daji. A ƙasa kuma aka ce a yanka lemun tsami a ruwan zafi a sha kullum da safe, wai yana kashe dajin, har ya fi maganin asibiti. Shi ne take tambayata ko gaskiya ne. Gwaggo kuma ta ɗora da tata tambayar a kan gyambon ciki da madara, zan zo kanta in sha Allahu.

To Auta, kin kyauta da kika tambaya kafin ki tura gaba. Maganar ruwan sanyin nan ba gaskiya ba ce. Na san inda tunanin ya samo asali. Duk mai wanke-wanke ta san in ta zuba ruwan sanyi a tukunya mai maiƙo, maiƙon daskarewa yake yi ya kama jikin tukunyar. Sai mutum ya ɗauka haka cikinsa yake. Amma ai tukunya ba ta da rai. Jikinki kullum yana kan zafi wajen digiri 37, dare da rana, kuma jini na zagaye cikin ba tsayawa. Kofi ɗaya na ruwan sanyi, kafin ki gama hira a wurin cin abincin ya riga ya ɗumama. Bayan haka akwai ruwan tsami mai ƙarfi a ciki wanda yake dagargaza abinci. Shi kuwa maiƙo, sai ya gangara ƙaramin hanji ake gamawa da shi, inda ruwan maɗaciya da hanta ke yi yake tarwatsa shi ƙanana-ƙanana, wasu sinadarai su narkar da shi. Ina ya samu wurin da zai zauna ya daskare? In ruwan sanyi yana sa miki tsamin haƙori, ko kin fi jin daɗin mai ɗumi, ki sha mai ɗumi abinki. Amma kada ki tsorata kanki ko ki tsorata wani da ciwon daji a kansa.

Kuma ku duba saƙon da kyau. Wani babban likita. Wane ne shi? Ba suna, ba asibiti, ba shekara. Sai a ƙarshe a ce ka tura wa mutum goma in kana son su da rai. Duk saƙon da ya zo a wannan siffa, ku dakata da shi tukuna.

Na lemun tsamin shi ya fi damuna, wallahi, domin na ruwan sanyi ko an yarda da shi iyakarsa a sha ruwan ɗumi, ba a rasa komai ba. Wannan kuwa rai yake ci. Lemun tsami abu ne mai kyau, yana da bitamin C, yana ƙara wa abinci daɗi. Amma ba ya warkar da daji. Masu yaɗa maganar suna cewa wai yana sauya yanayin jini, ya rage masa tsami, wai dajin ba ya iya rayuwa a haka. Jinin ɗan adam yana tsaye ne tsakanin 7.35 da 7.45 a ma'aunin tsami, huhu da ƙoda ne suke tsare shi a nan. Abin da kika ci da safe ba ya gusar da shi. In ma ya gusa sosai, to mutum ba shi da lafiya ke nan, asibiti za a kwashe shi a guje. Wani lokacin kuma za ku ji an ce ai an gwada, wani sinadari ya kashe ƙwayoyin daji a ɗakin bincike. A cikin ɗan faranti ke nan fa. Ko gishiri kika zuba musu da yawa a farantin mutuwa za su yi. Jikin mutum mai hanta da jini da ƙoda wani abu ne daban, shi ya sa ake shafe shekaru ana gwada magani a kan mutane kafin a ce yana aiki.

Na taɓa jinyar wata baiwar Allah, ba zan manta da ita ba. Ta ji ɗan ƙululu a mamanta, ƙarami, aka ce ta koma a yi gwaji. Ba ta koma ba. Masoyanta ne, mutanen da ke ƙaunarta tsakani da Allah, suka riƙa turo mata irin waɗannan saƙonni, sha wannan, daina cin wancan. Ta bi sau da ƙafa kusan shekara guda. Ranar da ta dawo abin ya riga ya yi nisa. Ba wanda ya nufe ta da sharri a cikinsu, shi ne abin da ya fi ci mini rai. Dajin mama in an kama shi da wuri ana samun nasara a kansa sosai. Don haka duk wadda ta ji wani abu a jikinta da ba ta saba ji ba, ta je a duba ta, in tana son lemun tsaminta ta sha a gefe. Ta dai riƙa kurkure baki da ruwa bayan ta sha, domin tsamin yana zaizaye haƙori.

Haka zancen wankin ciki da wankin jini, da shayin nan na rage teɓa da ake tallatawa. Allah ya riga ya ajiye mana masu wankin. Hanta tana aiki ba hutu, ƙoda biyu suna tace ruwan jini wajen lita 180 a rana, su mayar da kusan duka, su fitar da abin da ba a so a fitsari. Da yawa daga cikin shayin nan maganin sa gudawa ne da sa fitsari a ciki. Mutum ya hau sikeli ya ga ya ragu, alhali ruwa ya zubar, kitsen na nan inda yake.

Yauwa, Gwaggo, Allah ya ƙara girma, na dawo kan tambayarki. Kin ce an ce miki yaji da zama da yunwa ne suka jawo miki gyambon ciki, kuma ki riƙa shan madara in ya tashi. Wannan kam ba laifin masu faɗa ba ne, domin likitoci ma sun daɗe a kan haka, da madara suke jinyar masu shi. Sai a 1982 wasu likitoci biyu a Ostareliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka gano wata ƙwayar cuta mai suna Helikobakta tana zaune a cikin masu gyambon. Aka ƙi yarda da su, ana cewa wace halitta ce za ta rayu a cikin wannan tsami. A 1984 shi Marshall ɗin ya ɗauki ruwan da ƙwayar ke ciki ya shanye, cikin kwanaki ciwon ciki ya kama shi, aka duba aka ga ƙwayar. A 2005 aka ba su lambar yabo ta Nobel. Yau an san yawancin gyambon ciki daga abu biyu yake zuwa, wannan ƙwayar, ko yawan shan magungunan ciwon jiki irin su asfirin da ibufurofen da dikilofenak. Gwaggo, na san kina shan irinsu saboda gwiwa, don Allah ki gaya wa likitanki wannan. Yaji da yunwa suna iya tayar da zafin ga wanda yake da ciwon, shi ya sa ake ɗora musu laifi, amma ba su suka haƙa ramin ba. Madara kuma takan kwantar da zafin na ɗan lokaci, daga baya ta sa ciki ya ƙara fitar da ruwan tsami. Ana gwajin ƙwayar nan ta bahaya ko ta numfashi, in an same ta a ba ki magani na kamar sati biyu, ki shanye duka ko da kin ji sauƙi. Mutane sun yi shekara goma suna ƙaurace wa abinci kala-kala a kan abin da sati biyu zai iya kawarwa.

Muryar ta yanke, bari in ci gaba.

Akwai wanda nake so in taɓo tunda muna da masu ciwon suga a gidan nan. Ana cewa mai suga ya bar farin sukari ya koma zuma, wai ita ba ta ɗaga suga. Zuma abu ce mai albarka, ba na musun wannan, har tari tana sauƙaƙawa. Amma wajen kashi 80 cikin 100 na zuma sukari ne, kuma yana shiga jini. Mai suga ya lissafa ta cikin zaƙin da ya sha, ya auna jininsa ya gani da idonsa, kuma kada ya ajiye maganinsa saboda ita. Jan sukari ma ɗan uwan farin ne, ɗan ragowar ruwan rake ne ya ba shi launi.

Masu jego ku matso kusa. Jaririn da bai cika shekara ɗaya ba, ba a ba shi zuma ko ɗigo, domin takan ɗauki wata ƙwayar cuta da hanjin babba yake iya wa, na jariri ba ya iyawa, tana iya shanye masa jiki har numfashi ya gagara. Dakashi, wato ruwan nonon farko mai kauri mai rawaya, wasu suna matsewa su zubar wai ƙazanta ne. Wallahi shi ne rigakafin farko da yaro zai samu a duniya, cike yake da garkuwar jikin uwa. Kuma wata shida na farko nono kaɗai ya ishe shi, ko ruwa ba ya buƙata, ko da ana zafi, domin nonon kansa kusan kashi 88 cikin 100 ruwa ne. Wannan ita ce shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya. In yaro yana gudawa kuma, kada a ce a tsayar da nono ko abinci don ciki ya huta. Bushewar jiki ce take kashe yara a gudawa. A ci gaba da ba shi nono, a ba shi ruwan gishiri da sukari na sacet ɗin da ake bayarwa a asibiti. In babu shi a kusa, lita ɗaya ta ruwa mai tsafta, sukari ƙaramin cokali shida a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. A haɗa da ƙwayar zink ta kwana goma zuwa sha huɗu. In idonsa ya zurma, ko ya kasa sha, ko an ga jini a bahayar, a tafi asibiti ba jira.

Sauran ƙanana ne. Kifi da madara ba sa sa farin tabo a fata, wancan garkuwar jiki ce take afka wa ƙwayoyin da ke ba fata launi. Ƙwai abinci ne mai gina jiki, yaro da mai ciki duk su ci, a dai dafa shi ya nuna. Cingam in an haɗiye ba ya shekara bakwai a ciki, fita yake yi tare da sauran abinci.

Abin da yake sa irin waɗannan maganganu su yi tsawon rai shi ne sau da yawa akwai ɗan guntun gaskiya a jikinsu. Ku ɗauki karas. Gaskiya ne jiki yana samun bitamin A daga gare shi, kuma rashin bitamin A yana kawo dundumi, mutum ya kasa gani da zarar rana ta faɗi. Amma a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu gwamnatin Birtaniya ta yi ta yayata cewa karas ne yake sa matuƙa jiragenta gani da dare, alhali na'urar rada ce a cikin jiragen take nuna musu jiragen Jamus. Daga nan maganar ta bi duniya. Wanda bitamin A ɗinsa ya cika, ko buhun karas ya ci ba zai ajiye gilashin idonsa ba.

Kuma kada ku ce Anti ta ce duk abin da aka ji a bakin manya ƙarya ne, a'a. Maganar cewa shan shayi tare da abinci yana rage jini, akwai gaskiya a cikinta. Ganyen shayi yana da sinadarin da ke hana jiki tsotsar ƙarfen da ke cikin hatsi da wake da ganyaye, shi kuwa ƙarfen da shi ake gina jini. Mai ciki ko mai ƙarancin jini ta bar kamar awa ɗaya tsakanin abinci da shayi. Nan ne ma lemun tsamin naki yake da amfani na gaske, Auta, domin bitamin C yana taimaka wa jiki ya tsotsi ƙarfen. Ki matsa shi a kan abincin.

Saƙon nan kuma ki koma wurin wadda ta turo miki, ki tura mata muryar nan cikin ladabi, ita ma son ki take yi shi ya sa ta turo. Gwaggo, gobe in Allah ya kai mu zan kira ki da safe, ki ajiye mini kwalayen magungunan da kike sha duka a kusa, ina so ki karanto mini sunayensu ɗaya bayan ɗaya. Sai da safenku.