Ƙanena ya bugu a kai, koci na so ya koma fili ranar Lahadi

Tambaya: Barista, ƙanena yana buga wa wani kulob wasa a gasar Firimiyar Najeriya. Ranar Lahadi ya yi karo da mai tsaron gida, ya faɗi, aka watsa masa ruwa ya miƙe ya ƙarasa wasan. Da daddare ya yi amai sau biyu, har yau hasken waya na damunsa, yana maimaita tambaya ɗaya sau uku. Koci ya ce in bai fito wasa na gaba ba, akwai masu jiran rigarsa. Yana da ikon ƙi?

Amsa: Malam, Allah ya ba shi lafiya. Kafin mu taɓa doka, ku kai shi asibiti yau ɗin nan. Amai da mantuwa bayan bugun kai alamu ne na girgizar ƙwaƙwalwa, kuma FIFA da Hukumar Lafiya ta Duniya sun yi gargaɗi a 2024 cewa alamun kan ɗauki har awa 72 kafin su bayyana. Miƙewarsa a fili ba shaidar lafiya ba ce. A wasan ƙarshe na Kofin Duniya na 2014, Christoph Kramer na Jamus ya ci gaba da wasa bayan an buge shi, har ya tambayi alƙalin wasa ko wannan ne wasan ƙarshe.

Yana da ikon ƙi. Ɗan wasa mai kwantiragi ma'aikaci ne, kuma wajibi ne a kan wanda ya ɗauke shi aiki ya kiyaye lafiyarsa. Gaskiya ne duk wanda ya shiga fili ya yarda zai iya jin ciwo, amma yardar nan ba ta haɗa da a mayar da shi fili da rauni a kai ba. Kotun ɗaukaka ƙara ta Ingila ta ɗora wa hukumar dambe laifin sakaci a shari'ar Michael Watson, wanda ya ji rauni a ƙwaƙwalwa a 1991 bai samu kulawar gaggawa ba, kuma kotunanmu kan duba irin waɗannan hukunce-hukunce.

Ranar komawa ta likita ce. Ana bi ne mataki-mataki: hutu, motsa jiki mara nauyi, atisaye ba karo, sannan cikakken atisaye, in alama ta dawo a koma baya. Ƙa'idar Birtaniya ta 2023 ga 'yan wasan da ba ƙwararru ba ta ce kada a koma gasa kafin kwana 21. Ba ta ɗaure kulob ɗin ƙanenka ba, sai dai ma'auni ce da zan iya nuna wa alƙali. Mai ciwon kai har yanzu kuwa ko matakin farko bai wuce ba, balle Lahadi.

Barazanar koci ita ta fi ɓata mini rai. Dokar FIFA ba ta yarda a soke kwantiragi ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba, kuma rauni a bakin aiki ba ya cikin dalilan. In sun kore shi ko sun riƙe albashinsa, zai iya kai kuka hukumar ƙwallon ƙafa ta Najeriya (NFF), ko Kotun Ma'aikata ta Ƙasa wadda sashe na 254C na tsarin mulki ya ba hurumin irin wannan.

Akwai kuma Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda hukumar inshorar ma'aikata ta ƙasa (NSITF) ke kula da ita. Ta ce a sanar da mai aiki cikin kwana 14, a nemi diyya cikin shekara guda. Don haka ya rubuta wa sakataren kulob takarda, ya haɗa da rahoton likita, a sa hannu a kwafinsa. Ku adana bidiyon wasan da saƙonnin koci. In suka kawo masa takarda wai ya yarda da kansa zai buga, kada ya sa hannu sai lauya ya karanta.