Auna maganin borin jini da rini: abin dogaro ne?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko rini zai iya nuna yawan kulofeniramin, wato maganin borin jini, da ke cikin ƙwaya irin Piriton mai miligiram 4, tunda ɗakin gwajinku ba shi da na'urar HPLC mai rarrabe sinadarai ta auna yawansu. Zai iya, amma da sharaɗi.

A daka ƙwayar, a narkar da ita, a tace, a sa ruwan ya yi tsami kaɗan. A cikin tsamin maganin yana ɗaukar cajin fozitif. Wani rini da ake amfani da shi, wanda za ka ga an rubuta bromocresol green a jikin kwalbarsa, yana da cajin negatif, sai shi da maganin su manne. In ka zuba kulorofom, wani sinadari mai ruwa-ruwa da ba ya gaurayuwa da ruwa, ka girgiza, mannannun za su sauka ƙasan kwalba cikin kulorofom, ya zama rawaya. Wannan rawayar ake aunawa da sifektirofotomita, wato na'urar auna kaurin launi, a tsawon zangon haske wajen nanomita 415. Gwargwadon yawan magani, gwargwadon kaurin launi, sai ka kwatanta da ruwan da ka riga ka san adadin maganin da ke cikinsa.

Inda gizo ke saƙar shi ne rinin ba ya tantance wa ya kama. Sitaci da sukarin madara da ke cikin ƙwaya ba su cika damunsa ba, amma a maganin tari na ruwa, mai ɗauke da wani magani kamar efedirin ko makamancinsa, duk zai manne musu, lissafi ya haura. Ni dai nan ba zan yarda da sakamakon ba.

Kulorofom kuwa yana cin hanta, kada ka buɗe shi sai a akwatin zuƙe tururi.